Yadda Malam Garba Ya Ɗauke Ni Koyon Gyaran Tarakta

Ku da kuka san Malam Garba Bakanike kun san ba ya amsa gaisuwar mai tarakta sai ya gaisa da taraktar tukuna. Ka zo da sallamarka, ya ɗaga maka hannu, ya kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. Sai ya gama zai juyo: "Wa alaikumus salam. Ita dai ba ta kwana lafiya ba. Kai fa?"

Zamanin da arzikin mai ya shigo, taraktoci suka yawaita daga Birnin Kudu har Gwaram, aiki ya fi ƙarfinsa, ya ce yana neman wanda zai koya wa. Mu huɗu muka je. Ni kawuna ne ya goyo ni a keke tun daga Zandam. Malam ya jera mu a gindin darbejiyar garejinsa, ya dubi na farko.

"Ka iya gyara?"

"Na iya, Malam. Shekarata guda a gareji a Kano."

"Madalla! Je ka buɗe naka, kada mu ɓata maka lokaci."

Na biyu ya ce ya ɗan iya. Malam ya ce, "Ɗan iyawar nan ita ke kashe inji. Ka gaida gida." Na uku bai jira tambaya ba, ya sulale. Aka zo kaina.

"Ban iya komai ba, Malam."

"Ko sifana ba ka sani ba?"

"Ban taɓa ganinta ba."

Ya juya wajen kawu, fuskar nan cike da murna: "Alhamdu lillahi, sabuwar gona! Babu kututturen kowa a ciki. Bar min shi."

Tattali kuwa, kai jama'a! Lanƙwasasshiyar ƙusa ba ta kwana a ƙasa a garejin nan. Wata rana Alhaji Sale na Kangire ya same shi da almakashi yana yanka wa taraktarsa gaskit, wato shimfiɗar da ke hana inji yoyo, daga kwalin sukari.

"Haba Malam! Tarakta sabuwa fil daga Turai za ka sa wa kwalin sukari?"

"Alhaji, ta iya karatu ne? In ba ka gaya mata ba, ni ba zan gaya mata ba."

Damina uku taraktar ta yi da kwalin nan. Har Alhaji ya koma bugun ƙirji a kasuwa, wai tasa ta fi ta kowa ƙarfi saboda da sukari take aiki.

Amma taurin kansa a ƙauyen Unguwar Ya na gan shi, a shekarata ta uku. An yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu, ga gonaki na jiran huɗa, taraktar da gari duka ya dogara da ita ta mutu a tsakiyar gona. Muka isa da hantsi. Malam ya miƙo min jakar kayan aiki, ya tafi gindin tsamiya ya zauna, ya zaro gyaɗa daga aljihu.

"Maigida, ba za ka duba ba?"

"Ni yau ɗan kallo ne."

Na kwance nan, na ɗaure can, gumi har cikin ido. Azahar ta yi, shiru. Dattawa suka je suka same shi.

"Malam, don Allah ka tashi. In ƙasar nan ta bushe mun shiga uku."

"Ai ga bakanike can kuna gani. Ko ku gyaɗar kuka zo ci?"

Wallahi ranar na tsane shi! Sai bayan la'asar na gane iska ce ta shiga tiyon mai. Na sassauta noti, na yi ta buga famfo har kumfa ta daina fita, na ce wa direba ya tayar. Ta yi tari biyu, ta ɗauka. Gari ya ɗau sowa.

Na nufi tsamiya ina jiran yabo. Cewa ya yi, "Aikin shan fura guda ka kai la'asar. Wanke hannunka." Da na sunkuya ɗaukar jaka sai na ga gyaɗar nan zube a ƙasa, duk a ɓare. Ko ƙwaya ɗaya bai ci ba. Wuni ya yi yana ɓarewa yana zubarwa, hankalinsa na kaina.

Da za mu tafi na ji yana gaya wa mai unguwa, a hankali don kada in ji: "Gaba in ta sake mutuwa, shi za ku kira. Ya fi ni haƙuri."

Bai taɓa faɗa min wannan a gaban idona ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa kowane damin gero da ya fito daga gonakin nan ya same shi a mizani. Amin.