Kowa Ya Gan Ta Ban Da Ni

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara masa komai ba. Wajen shekarar 2012 ne, lokacin ina Faransa ina aikin ɗaukar kaya a wani sito na 'yan Sin a Aubervilliers, inda ake sauke dilolin tufafi da kwalayen takalma, ina kuma kwana a La Courneuve a ɗakin wani ɗan garinmu. Ni mutumin Maraɗi ne. A lokacin na yi shekara da shekaru ban taka gida ba saboda takardun zama, don in ka fita ba su kammala ba to ka rufe wa kanka ƙofar dawowa, sai a wannan shekarar ne suka fito, har na riga na gaya wa mahaifiyata, Inna, cewa in an yi kaka ina nan tafe.

Akwai wani abokin aikina Bitrus, mutumin Jos, yana karatu yana taɓa aiki tare da mu. Shi ne ya yanki tikitin irin yawon nan na yini ɗaya, inda ake haɗa mutane a jirgin ƙasa daga Paris a kai su birnin Lyon, a ba su mai yi musu jagora ta zaga da su, da yamma a dawo. Ana gobe tafiya naƙuda ta kama matarsa, sai ya miƙo mini tikitin ya ce, "Malam, je ka ka ga gari. Duk shekarun da ka yi a ƙasar nan ba abin da ka sani sai metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da kwali." Na yi dariya na karɓa, don gaskiya ya faɗa. Da yamma na kira Inna muka gaisa na gaya mata, lafiyarta ƙalau, har tana tsokanata wai su dai jirgin ƙasa sai a talabijin, in na zo in ba ta labari. Muka yi sallama.

Da safe na isa tashar, na sami mai jagorar tamu, wata mata mai suna Silvi, ta ɗaga laima ruwan ɗorawa don a gane ta. Yawancin 'yan tafiyar tsofaffin Turawa ne masu fansho, sai wasu 'yan Japan, baƙar fata kam ni kaɗai ne, wannan ku riƙe shi. Muka shiga jirgi. Kujerata ta gefen hanya ce, ta jikin taga kuwa ba kowa, gabanmu da ɗan tebur, a ɗaya gefen wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi tana fuskantarmu, daga baya na ji sunanta Odil. Da jirgi ya tashi na ga ba wanda ya zo, sai na ɗauki jakata zan aza a kujerar tagar, tsohuwar nan ta zare mini ido ta ce, "Haba ɗana, ba a nan ba." Na ɗauka wata dokar tasu ce, kun san Turawa da ƙa'ida, na ce ta yi haƙuri na tura jakar ƙarƙashin ƙafata.

Jirgin nan gudu yake kamar ba ƙasa yake takawa ba, gonaki da shanu farare suna ta wucewa, ni kuwa sai wani barci ya sace ni, irin barcin da rabona da shi tun ina yaro, mai nauyi mai daɗi, ba mafarki ba firgita. Ban farka ba sai da muka kusa. Da na buɗe ido na ga tsohuwar tana kallona tana murmushi, na sunkuyar da kai don kunya, na ce wataƙila minshari na yi.

A Lyon Silvi ta raba mana 'yan na'urorin da ake saƙalawa a kunne don kowa ya ji bayaninta, ta zo kaina ta ba ni biyu. Na mayar mata da ɗaya, ta ce, "Ita ba ta so? Ko da yake ai ka fassara mata." Faransancina na sito ne, ba na lakwal ba, wato ba na makaranta ba, don haka na ɗauka ni ne ban gane maganar ba, na gyaɗa kai kawai. Aka sa mu a wani ƙaramin jirgi da igiyar ƙarfe ke ja zuwa saman tudu, inda wata babbar coci fara take, daga nan kana hango garin gaba ɗaya, jajayen rufin gidaje da koguna biyu sun ratsa shi. Na daɗe tsaye a wurin, kuma abin mamaki duk da cunkoso ba wanda ya matso damata, mutane sai su zagaya su bar fili kamar da wani a tsaye.

Saukowa a ƙafa muka yi, ta wasu matakala masu yawan gaske. Ni da na saba da dako sai na ba da wuta, na wuce kowa. Can na ji muryar Silvi a kunnena tana cewa, "Mushe," wato malam da Faransanci, "a hankali, ka jira mana, ba ka ga an gaji ba?" Na tsaya na jira, da suka iso na ga wani dattijo ya karkata gefe guda yana saukowa da hannunsa a miƙe, kamar mai tallafe da wani, ga kuma Odil tana hararata. Na ce a raina wai ni me na yi wa tsohuwar nan. Muka ci abinci a tsohon gari, aka kawo mini kifi tunda na ce ba na cin namansu, na ga an ajiye faranti da kofi a kusa da ni ban kula ba, na sami wani lungu a bayan gidan abincin na yi azahar, aka bi da mu ta wasu ƙofofi da sai ka rantse gidan mutane ne, ashe hanya ce da ke ɓullewa wani titin. Abu na ƙarshe, bayan la'asar, aka sa mu a jirgin ruwa aka gangara da mu har inda kogunan biyu suke haɗuwa, ɗaya kore-kore ɗaya toka-toka, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. A nan ne, ba dalili ba komai, hawaye suka zubo mini, na juya baya na share don kada a gani.

Muna tsaye a tasha muna jiran jirgin komawa sai Odil ta matso ta ce, "Mamanka fa? A nan Lyon za ta kwana?"

Na ce, "Madam, mamana tana Nijar."

Ta ce, "To matar da kuka zo tare?"

Na ce ni kaɗai na zo. Sai ta kira Silvi. Silvi ta ce ita ma ta gan ta tun a Paris, tana biye da ni, shi ya sa ba ta tambayi ko wace ce ba. Dattijon nan ya ce shi ya riƙe mata hannu a matakala, hannunta ba nauyi kuma da sanyi. Na ce su kwatanta mini ita. Odil ta ce gajeruwa ce, siririya, da shuɗin zane da mayafi fari, da tsage a kumatu daga gefen baki zuwa kunne, kuma ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe yake ba ya miƙewa. Wallahi tallahi, yatsan Inna kenan, taɓarya ce ta daka shi tun tana budurwa. Ni kuwa ko hotonta babu a jikina, ban kuma yi wa kowa zancenta ba.

Na zauna a kan benci na ciro waya na kira lambar yayata Rabi. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, kuma ba ita ta ɗauka ba, babban wanmu ne. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba, ina jiyo koke-koke a bayansa, ya ce, "Sai haƙuri. Inna lokaci ya yi, yanzun nan bayan la'asar." Na yi salati na maimaita, ban san sau nawa ba.

Ban san yadda na shiga jirgin ba. Odil ce ta bar wurinta ta dawo kusa da ni. Da muka yi nisa na roƙe ta, na ce ta gaya mini duk abin da ta gani, kada ta rage. Ta ce da safe da na yi barci kaina a kafaɗar matar ya kwanta, ita kuwa ba ta ko kalli taga ba, ni take kallo, tana gyara mini wuyan riga. Ta ce a saman tudu tana tsaye a damata tana bin duk inda na nuna ido. Ta ce a matakala na tafi na bar ta tana ɗaga hannu, abin da ya ba ta haushi da ni kenan. Abinci ba ta taɓa ba, hannu ta sa a haɓa tana kallon yadda nake ci. Da na je salla ta bi ni ta zauna a dandamali a bayana. Na ce to a ina kika rabu da ganinta? Ta ce a jirgin ruwa, da kowa ya tashi zai sauka ita tana zaune ba ta motsa ba, tana bin bayana da kallo, ita Odil ta ɗauka hutawa take za ta biyo mu. Sannan ta ce, "Ta yi mini magana sau ɗaya, ta nuna ka ta dafa ƙirjinta, ta faɗi wata kalma, kamar o-ta-na." Autana. Ni ne autan Inna, kuma duk duniya ita kaɗai ke kirana haka. A nan kuka ya ƙwace mini a gaban mutane, tsohuwar nan da ban sani ba ban san danginta ba ta riƙe hannuna har Paris.

Ban sami jana'iza ba, kun san ba a jira. Sai da na isa Maraɗi bayan an yi addu'ar bakwai, muna zaune da Yaya Rabi a ɗakin Inna, ban gaya mata komai ba tukuna, ita ta fara. Ta ce ran nan Inna ta yi asuba lafiya, tana shirin ɗora koko sai ta yanke jiki ta faɗi, aka kai ta asibiti, yini guda tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Sun so su kira ni, wanmu ya hana, ya ce a bari a ga hali kada a tayar mini da hankali a ƙasar mutane. Bayan la'asar sai ta buɗe ido sarai kamar ba ita ba, ta nemi ruwa ta kurɓa, ta ce, "Rabi, na gaji, tudun ga da tsawo." Yaya ta ce, "Wane tudu, Inna?" Ta ce, "Na ga ruwa biyu sun gamu, kowane da kamatai. Yaron ga ya rame. Ga sauri, ko waiwaye bai yi." Ta yi kalmar shahada, shi kenan. Yaya ta ce su duk sun ɗauka zafin ciwo ne. Da na ba ta nawa labarin, ta jawo mayafi ta rufe fuska.

Na kai maganar gaban wani malami a unguwarmu, dattijo mai tsoron Allah. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba zai ce mini ga abin da ya faru ba, al'amarin rai na Ubangiji ne, in yi mata addu'a da sadaka in bar bincike. Na bari. Amma abu ɗaya ya ƙi barina har yau da na yi furfura: Turawan da ba su san ta ba sun gan ta, wani har ya riƙe hannunta, ni da ta haifa, ni da na yi shekaru ina marmarin fuskarta, yini guda tana gefena ban gan ta ba. Wani lokaci in ce rahama ce, don da na gan ta da hankalina ya gushe. Wani lokaci kuma in ina tafiya ni kaɗai a hanya sai in ji kamar an rage sauri a bayana, in tsaya cak, in kasa juyawa.

'Yan'uwa da ke ƙasashen waje, wanda duk iyayensa ke raye kuma hanya ta buɗe masa, kada ya ce sai kaka, kada ya ce sai ya ƙara tarawa, ya tafi ya gan su da idonsa su gan shi. Ku kuma na gida, in ciwo ya kama tsoho ku gaya wa na nesa tun da rai, ko muryarsa a sa masa a kunne. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Inna addu'a, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku da suka rigaye mu.