Saiwoyin China a Kan Garwashi

A shekarata ta uku a Riyad na yi fama da zubar da ake kira farin ruwa, abin da mu mata muke rufewa da sunan sanyi. Sama da shekara yana zuba. Kowace salla sai na sake wando na sake alwala, ga ƙaiƙayi mai hana ni zama cikin mutane. Ni da babu wadda ta fi ni baki a benenmu na unguwar Shifa, sai ga shi na kasa faɗa wa mijina. Iyakar abin da ya ji daga bakina shi ne, "Ciwon mata ne."

Shi direban tifa ne a wajen gine-ginen Dir'iyya, tare da 'yan China yake aiki. Wata Alhamis ya shigo da ƙunshi a leda, ya ɗora kan firij yana kallon bango.

"Wani abokin aiki ne ya ba ni. Wai matarsa ta yi amfani da shi ta warke."

Kafin in buɗe baki ya shige wanka.

Saiwoyi ne da ɓawon itace, da wasu farare kamar busasshen rogo, sai takarda mai rubutun da ban san kansa ba balle ƙafarsa. Na kai wa maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai gyaran amare. Ta shinshina sau ɗaya.

"Ɗiyata, mi za ki tambaya? Icce in na mata ne, ai na tsuguno ne. Yalla, maza kawo kasko."

Haka muka taso muka gani a gida: a zuba a garwashi, a rufu da zane, a tsuguna hayaƙi ya shiga. Sati uku ina yi da azahar, idan yara sun kwanta. Warin kamar an ƙona tsohon takalmi. Zubar ba ta tsaya ba, sai ma zafi da ya ƙaru, har tafiya nake ina buɗa ƙafa.

Ranar da aka tashe su aiki da wuri ya tarar da ni a banɗaki, hayaƙi ya cika gidan. Ya dubi kaskon, ya dube ni.

"Maman yara, dafawa fa ake yi a sha!"

"To ka faɗa?"

Ya zauna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ya fito da sauran maganar. Ashe abokin aikin nasa ɗan China ya tambaye shi ruwan fari ne ko rawaya, yana wari ko ba ya yi, don a wajensu kowanne da haɗinsa, kuma sai mai magani ya duba harshen mace ya taɓa jijiyar hannunta. Mijina bai sani ba, kunya kuma ta hana shi tambayata. Sai ya ce fari, ya karɓo.

Raina ya ɓaci sosai, amma ba shi kaɗai na ji wa haushi ba. 'Ya'ya uku tsakaninmu, wai muna jin nauyin kalar ruwa, ina ƙona jikina a banza.

"Kalas, ya isa haka," na ce. "Gobe ka kai ni mustausaf."

A mustausaf ɗin, wato asibitin unguwa, likita mace ta ɗebi ruwan aka gwada. Ƙwayar cuta ce, kuma ta ce dole a ba mu magani mu biyu, in ba haka ba zai dinga mayar min da ita. Na nuna mata sauran saiwoyin. Ta ce ba za ta kushe abin da ba ta sani ba, amma in ajiye su tukuna.

Na fito na same shi a mota, ya ƙura wa sitiyari ido.

"Lafiya dai ko?" ya ce, yana neman in amsa da alhamdu lillahi mu wuce.

Na shiga na rufe ƙofa, na zare makullin motar na riƙe.

"Rawaya ne, yana wari, kuma kai ma kana da shi. Juyo ka dube ni, ban gama ba."