Kaset Ɗin Baba da Na Shafe

Shekaru sun tafi da abubuwa da yawa daga kaina, har sunayen wasu abokan makaranta sai na yi da gaske nake tunowa. Amma abin da na yi wa wani kaset guda ɗaya, da abin da ya biyo baya, ba na jin zan manta da shi har ranar da za a kai ni makwancina.

A lokacin ina da shekara ashirin da uku, ina zaman shagon kaset na yayana a cikin garin Rano. Aikina in ɗaukar wa mutane wa'azi, ko karatu, ko waƙoƙin fim a kan kaset. Amma zuciyata tana kan jitar bes, wato jitar nan mai kaurin tsirkiya huɗu, wadda ba a cika jin ta da kunne ba sai dai a ji ta a ƙirji. Wanda ya koya min wani dattijo ne a Fassi, can ƙasar Kibiya, abokin marigayi mahaifinmu. Ya yi shekaru yana kaɗa bes a ƙungiyar makaɗan soja, da ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noman dawa da gyaɗa. Baba kawai nake ce masa. Duk ranar Asabar nakan hau ɗan acaɓa in je, mu zauna a ɗakinsa na zaure, ya jona jitar a wata tsohuwar sifika mai aiki da batirin mota.

Shekarun nan ne aka dawo mulkin farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano. 'Yar ƙungiyar da muke da ita a Rano, wadda muke yin wasa a gidajen biki, ta watse, don mutane sun daina gayyatar masu kiɗa a fili. Shi kansa Baba ya rage ƙarar sifikarsa ƙwarai, yana cewa ba ya son ya shiga haƙƙin maƙwabta, kuma da an kira salla yake zare wayar. Ni kuwa duk burina ya koma Kano, inda na ji samari sun fara buɗe situdiyo suna yin waƙoƙin hip-hop da Hausa.

Gaskiya hannuna yana da sauri a lokacin, kuma na san haka, abin da ya cuce ni ke nan. Ina iya zuba sauti ashirin a inda Baba zai sa uku. Kullum sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, kana kaɗawa kamar ana bin ka da sanda. Ina za ka ne?"

Wata Asabar ana gab da saukar damina na same shi a zaure da rediyonsa a kan cinya, yana sauraron waƙar samarin Amurka, ta masu zuba magana a kan ganga. Na yi dariya har da riƙe ciki. Dattijo mai furfura da carbi a hannu, yana gyaɗa kai ga waƙar da ko mu samari ba ma jin abin da suke cewa!

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Zauna. Ni ma ban san me suke faɗa ba, kuma an ce min wani abin ma gara da ban sani ba. Ka bar bakinsu, ka saurari ƙasa."

Ya mayar da kaset ɗin baya. A waƙar farko bes ɗin sauti biyu kacal yake yi, daga farko har ƙarshe. Baba ya ce in lura da yadda na biyun yake ɗan makara, yana faɗowa bayan ganga kaɗan, kamar mutumin da ya san ba za a tafi a bar shi ba. Ya sa wata, ya ce wannan ba jita ba ce, babban gogen nan ne na Turawa da ake tsayarwa a ƙasa, kuma yaran daga wani tsohon faifai suka yanko shi, irin waɗanda su Baba suka koyi kiɗa da su a bariki. Yana faɗa idonsa yana ƙyalli. "Kayanmu ne suka tono," in ji shi. "Mun zaci an binne."

Ni kuwa hankalina yana kan jitar da ke jingine a bango. Na ce, "Baba, ai wannan ko wanda ya fara jiya zai kaɗa."

Ya dube ni ya ce, "To kaɗa mana." Na ɗauka na yi sau biyu, a na uku na ƙara masa ado da gudu. Ya miƙo hannu ya dafe tsirkiyar.

Da zan tafi ya shiga cikin gida ya fito da wani kaset a cikin leda. Kaset ne mai kyau, na minti casa'in, irin wanda ba ma sayarwa a shagonmu saboda tsada. Ba a rubuta komai a jikinsa ba sai kalma ɗaya da biro: Saurara. Ya ce, "Waƙoƙi goma sha huɗu ne. Duk mai riƙe bes a zamanin nan ya kamata ya san su. Wasu a rediyo na kama, wasu ɗan ƙanwata ya aiko min daga Legas. Kada ka je Kano sai ka ji shi daga farko har ƙarshe." Na lura lokacin da yake miƙo min hannunsa na dama yana ɗan rawa, amma ban tambaya ba. Na yi godiya, na kai shago na jefa a durowa.

Bayan kamar sati uku wani abokina da ke karatu a Kano ya zo da labari. Wani mai situdiyo yana neman mai bes na gaske, don ya gaji da na fiyano. Ya ce in ɗauki kiɗana a kaset in kai wa mai situdiyon ranar Litinin. Na duba kaset ɗin shagonmu, duk masu arha ne, suna shuu kamar ana ruwa. Sai na tuna da na Baba.

Wannan wurin shi ya fi ci min rai. Ba kuskure na yi ba. Baba ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset, waɗanda idan babu su inji ba ya yarda ya ɗauki sabon abu a kai. Ni mai sana'ar ne, na san abin da hakan yake nufi. Na yanko salatif na liƙe ramukan da hannuna. Na ce a raina ai waƙoƙin Amurka ne, ko yaushe na so zan samu a Kano. Ko sakan ɗaya ban kunna na ji ba. Na rufe shago bayan azahar, na jona jitar aro, na yi ta zuba gudu ina sakewa, har na cinye fuskar farko, na juya na ci fiye da rabin ta biyu.

Ranar Litinin na sa sabuwar shaddata na hau mota zuwa Kano. Situdiyon ɗaki ne ƙarami da aka manne bangonsa da katifa, samari huɗu a ciki da mai wurin, wani siririn mutum mai gilashi. Ya sa kaset ɗin, ya saurara kamar minti biyu, ya tura gaba, ya sake saurara. Ya ce, "Malam, hannu kam akwai. Amma a ina mawaƙin zai sa bakinsa? Ka cike ko'ina." Samarin suka yi 'yar dariya. Ya juya fuska ta biyu ya tura can gaba, ko zai sami wani abu daban.

Kiɗana ya yanke ƙat. Sai aka ji kukan akuya daga nesa, da tarin mutum, sannan murya ta fito daga manyan sifikun nan:

"To ɗan nan, wannan ta goma sha uku ce. Idan ka iso nan, ka yi haƙuri da surutun tsoho. A wannan, mai bes ɗin zai yi shiru na tsawon layi huɗu. Kada ka tura gaba. Ka ƙirga shirun da ƙafarka, ka ji yadda cikinka yake jiran ya dawo. Ga yadda yake shigowa."

Sai ga bes ɗin Baba, shi kaɗai, a hankali, sauti uku masu nauyi. Ya maimaita sau biyu, sannan waƙar ta shigo.

Ban san lokacin da na zauna a kan wata sifika ba. Ashe ba waƙoƙi kawai ya jera min ba. Kafin kowace waƙa sai da ya yi min bayani da bakinsa, ya kaɗa min da hannunsa. Goma sha biyu na shafe da gudun banza.

Muka saurara har ta goma sha huɗu ta wuce. A ƙarshenta Baba ya ce, "Shi ke nan abin da na sani. Hannun ya fara ƙi, shi ya sa ka ji na yi tuntuɓe a ta tara, ka yafe. Allah ya yi maka albarka." Inji ya yi ƙas ya tsaya.

Mai situdiyon ya cire gilashinsa ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce malamina ne. Ya ce, "Kai ka hau kan sauran?" Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ciro kaset ɗin ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, "Ka je ka roƙe shi ya sake. In ya yarda, ni zan zo har garinku da na'urata."

Washegari da sassafe na nufi Fassi. Rabona da zuwa tun ranar da ya ba ni kaset ɗin, ina ta cewa aiki ya yi yawa. An yi ruwa, hanya duk taɓo, mutane sun fita shuka. A ƙofar gida na haɗu da matarsa, wadda muke kira Inna. Ta ce, "Sai yau? Kwana tara ke nan da faɗuwarsa a gona. Mun aika Rano aka ce ba ka nan." Na tuna yayana ya ce min wani daga Kibiya ya zo nemana, na ce zan bincika, ban bincika ba.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya karkace, magana ba ta fita. Kafin in shiga Inna ta tsayar da ni a tsakar gida tana ba ni labari, ba da niyyar ta ƙona min rai ba, don ba ta san abin da na yi ba. Ta ce duk bazarar nan a kan kaset ɗin ya ƙare. Sai ya jira yara sun tafi makarantar allo, ya sa ta kore kaji, ya rufe zaure. Idan ya yi kuskure ya koma farko. Wata rana hannun ya ƙi gaba ɗaya, ta same shi zaune yana kallon yatsunsa. "Na ce ya bari ya huta, ya ce a'a, yaron nan zai tafi birni, kuma shi ba ya jin kiɗa sai nasa."

Na shiga na durƙusa a gefen tabarmarsa na gaishe shi. Ya gane ni sarai. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna kunnensa, sannan ya nuna ni. Na fahimci tambayar.

Na ce, "Na ji, Baba. Duka na ji."

Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Na gaya wa kaina tausayinsa ne, amma na fi zaton kunyata ce. Ya yi wani ɗan murmushi da rabin bakinsa, ya nuna jitar da ke bango. Na ɗauko, ban jona ta ba. Ya ɗaga yatsu huɗu, wato in kaɗa masa ta huɗu.

Na riƙe jitar ina kallon tsirkiya. Ban san ko da wane sauti ta fara ba. Ina jin Inna tana daka a tsakar gida. Da na ɗago, idonsa yana kaina, kuma na ga ya gane. Bai ɓata fuska ba, bai juya min baya ba. Ya lumshe ido na ɗan lokaci, hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi. Sannan ya sauke tafin hannunsa na hagu a kan tabarma ya fara bugawa a hankali, bugu ɗaya, ya jira, bugu biyu. Na bi shi da sauti ɗaya. Da na yi yunƙurin ƙarawa sai ya tsaya, sai na koma ɗaya sannan ya ci gaba. Mun yi haka har aka kira azahar. Ban taɓa kaɗa abu kaɗan irin na ranar ba, kuma ranar ce na fara jin ganga a cikin kiɗana, alhali babu ganga a ɗakin.

Na ci gaba da zuwa duk Asabar, amma ƙarfinsa yana raguwa, wani zuwan ma barci nake tarar yana yi. Ya rasu kafin a yanke dawa. Ban taɓa buɗe baki na ce masa na shafe ba, ban kuma nemi gafararsa a kan ƙaryar ba, kullum ina jiran ranar da zai ɗan warware.

Daga baya na yi aiki a situdiyo shekaru masu yawa, har da wancan mai gilashin. Na saurari waƙoƙin hip-hop ba iyaka ina neman sha biyun nan. Biyun da ya kunna min a zaure, waɗanda nake kyautata zaton suna ciki, na gano su, sauran goma kuwa sai dai hasashe, don bai rubuta sunan ko ɗaya ba. Ko da zan same su duka, abin da ya faɗa a kansu ya tafi.

Abin da na koya shi ne, idan babba ya miƙo maka abu ya ce ka saurara, ka saurara a ranar, ko da kana ganin ka san abin da ke ciki, don ba ka san me ya kashe wajen haɗa shi ba, ba ka kuma san ko zai iya sakewa ba. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, ka faɗa masa da bakinka tun yana iya jin ka. Ni na sami wata huɗu cur ina zaune a gefensa, ban faɗa ba.