Ranar da Inna Ta Yi wa Zuciyarta Sannu

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Habi mai kifi ta bakin gadar Wudil. Ba zan ce muku ba ta da aibu ba. Tana da taurin kai, kuma ni na gado ta. Rana guda nake so in ba da labarinta.

Da kumburin ƙafa ciwon ya fara, sai haki. Daga ɗaki zuwa murhu sai ta tsaya ta dafa bango. A asibitin unguwa, inda aka yi mata rajistar inshorar lafiya ta gwamnati, suka ce zuciya ce, sai likitan zuciya, shi kuwa sai Kano. Na ɗauka tunda katin inshorar na hannu an gama. Ina! Inda akwai likitan ba sa karɓar katin, inda ake karɓar katin kuma likitan sai ran da aka gan shi. Na yi faɗa da masu gadi, na yi da masu rajista, na yi da kwandastan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Damina ta shigo ta fita muna kan hanya.

Madam Rifkatu ce ta fid da mu, wata ma'aikaciyar jami'a da ke sayen kifi wurin Inna duk Juma'a. Mijinta ya yi irin ciwon. Ta nuna min babban asibitin da ke karɓar katin, ta ce in koma asibitinmu su tura mu da kansu. Da aka sa mana rana ta ja ni gefe ta ce, "Ganin nan ɗaya ne fa. In likitan bai ga tsanani ba zai mayar da ku gida, ku sake bin layi daga farko." Inna kuwa ba ta da numfashin wani layin.

Tun daga tasha nake bita da ita: ki faɗi hakin, ki faɗi kumburin, ki faɗi kwanan zaune. Tana cewa to.

Muka shiga. Likitan ya ce, "Inna, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi."

"Ina ke damun ki?"

"Ba komai, ɗan nan, tsufa ne. Yaya aiki? Yaya mutan gida?"

Kamar in fashe. Na ce, "Inna, wata da watanni muna yawo don ki zo ki tambayi mutan gidansa?"

Ta ce, "Ke Auta, rufe min baki. Mutum ya gaishe ni in tare shi da ƙorafi? Da ƙafata na shigo."

Ba ƙarya take yi ba. A wurinta, wanda Allah ya bari da rai bai da bakin cewa babu sauƙi.

Likitan bai ja da ita ba. Ya ajiye biro ya ce, "Inna, a tsaye kike salla?"

Ta dubi tafin hannunta ta ce, "A zaune."

"Sujada fa?"

"Tun azumi goshina bai taɓa ƙasa ba. In na sunkuya numfashin tafiya yake."

Ɗaki ɗaya muke kwana, ban sani ba. Ashe dalilin rufe ƙofar da take yi lokacin salla ke nan.

Ya sa aka kwantar da ita, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'ura. Sai ga wani abu a allo yana buɗewa yana rufewa, ga ƙararsa ta cika ɗakin. Ya ce, "Zuciyarki ce. Ta gaji, amma ba ta tsaya ba."

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tun ina ciki take wannan aikin? Ko ina barci?"

"Ko kina barci."

Ta yi tasbihi a hankali, sannan ta ɗago hannu wajen allon kamar mai gaida manomi a gona, ta ce, "Sannu da aiki. Ban taɓa yi miki sannu ba."



Aka ɗora ta kan magani. Ta ƙara shekara biyu, kuma kafin wani azumin goshinta ya koma ƙasa.

Yau ni ke suyar kifin a wurinta. An ce yanzu har ta waya ake ganin likita. Da tana nan na san za ta ce, to ta ina zai ga ƙafar? Neman likitan dai bai zama da sauƙi ba, don har yanzu mata daga Lajawa da Achika na tsayawa gaban kaskona da kati a ƙulle a gefen zani suna tambayar hanyar asibitin. Ina kwatanta musu, in ƙara da cewa: ku bar tsohuwa ta ce da sauƙi, haƙƙinta ne, amma ku san yadda take salla kafin ku shiga mota.

Haƙurinta dai ban gada ba. Amma duk asuba in na ɗago daga sujada, sai in ji hannuna ya kai ƙirji da kansa.