Ƙaramin Faifan Teruko Mai Awara

Shekara arba'in ke nan shagona yana kallon na Teruko a kasuwarmu ta Osaka, ni ina gyaran rediyo da kwamfuta, ita tana sayar da awara, kuma ban taɓa ganin ta zauna na minti biyar ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take faɗa. Marigayi mijinta yakan ce ya fi sanin ƙeyarta da fuskarta, don kullum gaba take yi yana bin ta a baya.

Tana da shekara talatin da biyu ta yi abin da ya ba kasuwa dariya. Ta shiga ɗakin ɗaukar waƙa ta rera wata waƙa da ta tsara da kanta, a kan jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirinsu. Aka buga mata a ƙananan fayafayan nan da ake yayi a lokacin, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Ko ɗaya ba a saya ba. Sai ta riƙa ba da su gyara ga duk wanda ya sayi awara, mu kuwa muka mai da su abin ɗora kofin shayi. Ni ma nawa haka ya ƙare, ba zan yi ƙarya ba. Yau da gobe, ɗaya tak ya rage, a hannunta.

Ranar wata Juma'a da hantsi sai ga ta ta turo kwamfutarta a keken kai awara, irin wadda allo da inji duk a haɗe suke, an lulluɓe ta da tawul.

"Sho-chan, ajiye tarkacen nan ka zo ka ciro min muryata!"

Da ƙyar maganar ke fita. Kowa a kasuwa ya san ranar Litinin likitoci za su yi mata aiki su cire maƙogwaron, kuma daga nan ba sauran magana, amma ba mai tayar da zancen. So take ta kwafe waƙar a kwamfuta ta aika wa jikarta da ke Sapporo.

Na leƙa 'yar tsagar saka faifai da ke gefen allon. "Ƙaramin faifai kika saka a nan? Ai don babba aka yi ta."

"To bakin ya fi shi girma, me zai hana ya shiga?"

"Ya shiga kam. Sai kuma me kika yi?"

"Na danna wajen fitarwa har yatsana ya gaji."

"Sai?"

"Na ɗan zungure shi da tsinken cin abinci."

"Sai?"

Ta kau da kai. "Na tura masa babban faifai ya koro shi."

"Teru-chan, kanki ɗaya kuwa?"

"Kai dai gyara. Da surutu ke gyaran kaya, da tuni ka yi suna."

Na kifa kwamfutar ta gefen tsagar, na girgiza a hankali. Wani abu ya yi ƙaras a ciki, bai fito ba. Na manna salatif a jikin siririn kati na zura, ya fito da ƙura kawai. Ita kuwa sai kai-komo take, daga ƙofa zuwa tebur, daga tebur zuwa ƙofa. Ta tsallaka ta sallami mai saye, ta dawo da hannu a jiƙe, ta ɗauki sukudirebana ta goge ta ajiye inda ba zan gan shi ba.

"Zauna mana, kina sa ni jiri!"

"In zauna ya fito?"

Ba makawa sai an buɗe. Na ɗaga gilashin, na kwance allon, na jera ƙananan kusoshin a faranti. Ta rusuna wa kwamfutar ta ce mata ta yi haƙuri, ita ta jawo mata. Ban yi dariya ba. Na buɗe na'urori ba iyaka a rayuwata, wasu sun mutu a hannuna ban ji komai ba, amma ran nan tsoro ya kama ni sosai.

Sai bayan azahar na kai ga akwatin faifan. Na cire murfin, ga shi can a maƙale a karkace ƙarƙashin wani ƙarfe. Na sa matsefata na zaro shi. Da na ɗaga shi a haske sai gabana ya faɗi: tsinken ya ja masa dogon zane mai zurfi a wajen gefe.

Na goge shi, na saka a tsohuwar na'urata mai faranti. Muryar ta fito tas, siririya, mai ƙarfi. Wallahi na manta haka ta iya, kuma na ji kunyar dariyar da muka yi mata. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ana shiga na uku sai ya sarƙe, ya riƙa nanata kalma ɗaya. Na sake gogewa, na gwada a wata na'urar. Daidai wurin yake tsayawa.

"Abin da ya rage ke nan," na ce. "Ki yi haƙuri."

Ta kalli faifan. "Kunna wayarka ka ɗauka."

"Likita bai hana ki waƙa ba?"

"Me zai yi min? Ya cire ranar Lahadi?"

Na kunna. Ta ɗauko daga inda faifan ya tsaya. Muryar a dishe take, rabi iska ce, sau biyu tari ya katse ta, ta haɗiye ta ci gaba. Mai sayar da kifi da ke wucewa ya tsaya a ƙofa da bokiti a hannu. Ni kuwa na kasa ɗaga kai, hawaye nake yi. Ta kai waƙar har ƙarshe, ta share baki da gefen tawul.

"Ka haɗa su wuri ɗaya ka aika mata," ta ce. "Ka gaya wa yarinyar duka biyun ni ce."