Ɗaukar Kusa a Kasuwar Kibiya

Ku ga wani ɗalibin fim a kasuwar Kibiya, siriri kamar karan dawa, da gani ko karyawa bai yi ba! Ya hau buhunan masara ya gama ɗaukar nesa. Saura ta kusa, wadda fuska ke cika hoto, sai ya zaɓi wata tsohuwa mai daddawa.

Yana matsowa da kyamara tana ja da baya don kunya, sun kusa kaiwa Rano a haka.

"Iya, don Allah tsaya," in ji shi. "Jarrabawata ce."

"Ɗan nan, ai sai ka faɗa!"

Ta cafko kyamarar har hancinta, ta washe baki. "Ɗauki, har haƙorin Makkan. Malamin da ya kayar da kai, turo min shi."