Inda Inna Ta Tsinci Ƙwallon

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya shafe shekaru yana yankan ciyawa a wani filin golf a Kano, wasan nan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Da ya ajiye aiki ya dawo Wudil, tsarabarsa tsofaffin sanduna uku ne da 'yan ƙwallaye a cikin safa. Mu maza biyar babu wanda ya kalle su. Autarmu, mace ɗaya tilo, ita ta ɗauka.

Da rani, idan kogi ya janye, sai ta gangara kan yashi bayan la'asar ta yi ta bugu. Gari ya ɗauki magana, har da masu cewa aljanu take jifa. Don rufe bakin mutane Inna ta fara raka ta, daga baya ta samo wa kanta aiki: Auta ta buga, Inna ta bi ta tsinto, ta goge da bakin mayafi, ta kawo. Shekaru suna haka. Dokar wasan kuwa ko ɗaya Inna ba ta sani ba, kuma babu wanda ya ga dalilin koya mata.

Auta ta ci gasa da dama a cikin masu yi don sha'awa, har aka kira ta gwajin shiga sahun ƙwararru, masu cin abinci da wasan. Sharaɗin shi ne ta gama ramuka goma sha takwas ba tare da ta wuce adadin bugun da aka yanka ba. Ta wuce ko da ɗaya, sai baɗi. Ni na dage sai Inna ta je Kano ta ga 'yarta.

Komai na tafiya daidai har rami na sha bakwai, inda ƙwallon ta karkace ta faɗa gindin wata darbejiya kusa da 'yan kallo. Kafin in waiga, Inna ta riga ta isa. Ta tsince ta, ta goge tas, ta nufi Auta tana murmushi.

"Ungo, Auta. Saura ƙiris ta ɓace."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alƙalin wasa ya zo ya ce ba laifin 'yar wasa ba ne, amma dole a mayar da ƙwallon daidai inda take. Babu wanda ya ga wurin sai Inna. A gindin bishiyar akwai ciyawa mai laushi, taku ɗaya daga nan kuma saiwoyi ne biyu da suka fito waje. Na matsa kusa da kunnenta, kuma har yau ina jin kunyar abin da na ce.

"Inna, ai kan ciyawar nan ne, ko?"

Ta dube ni, ta gane sarai abin da nake nufi. Ta sunkuya ta sa yatsa tsakanin saiwoyin.

"Nan ne, ɗan nan," ta ce da alƙalin.

"Kin tabbata, Hajiya?"

"Ai ni na ɗauka."

Sai da Auta ta yi bugu biyu kafin ta fito daga wurin. Ta faɗi gwajin da bugu ɗaya.

A mota na cika na yi fam har muka hango gadar Wudil. Nan na fara faɗa, Auta ta katse ni.

"Yaya, ni na buga ta cikin saiwar. Inna gaskiya kawai ta faɗa."

Inna dai hawaye take sharewa. Tun daga ranar ta daina zuwa bakin kogi, wai gwiwa ke damunta. Duk mun san lafiyar gwiwarta ƙalau.

Da shekara ta zagayo, Auta ta ce ba za ta taka filin ba sai da Inna. Da ƙyar Inna ta yarda. Muna shiga ta miƙo min hannunta ta ce in riƙe, kada in saki ko ta roƙe ni. Haka muka zaga ramuka goma sha takwas, tsohuwa da ƙaton ɗanta hannu cikin hannu. Tausayinta ya hana ni kallon wasan sosai.

Auta ta haye. Da ƙwallon ta faɗa ramin ƙarshe, ta ciro ta, ta wuce duk masu miƙo mata hannu, ta zo ta tsaya gaban Inna.

"Inna, goge min."

Sai a lokacin na sake ta.